Sunayen da Baba Yake Tambaya

Baba ya cika ranar Juma'a da sassafe, a tsakiyar bazara, bayan ya sha kunu cokali uku ya ce ya ishe shi. Yau wata biyu ke nan. Ina rubuta wannan ne don na fara jin ana ce masa "tsohon nan mai keke", kamar ba shi da wani tarihi sai keken. Ni kaɗai ce 'yarsa. In ban faɗa ba, babu mai faɗa.

Kafin rana ta ɗaga ƙofar gidanmu ta cika. Ƙauyenmu yana kan hanyar Kebbe in ka baro Tambuwal, kuma duk garin Musulmi ne in ka cire gida tara. Mu ne gida taran. Saboda haka masu ta'aziyya suka zo da nauyi a baki, ba su san abin da za su ce ba. Wani zai ɗauko "Allah shi ji…" sai ya tuna, ya haɗiye sauran, ya koma "Allah shi ba da haƙuri." Ban ji haushin kowa ba. Mahaucin garinmu, wanda Baba ya yi shekara bakwai yana kai wa uwarsa ƙwayar kuturta har ɗaki don kada a gan ta a layi, ya tsuguna a bakin zaure, hawaye na bin gemunsa. Gwaggo, ƙanwar Baba, da ta zo jinya daga Sanyinna, ita kam ba ta ɓoye komai ba. Birgima take a tsakar gida tana cewa, "Wayyo ɗan'uwana! Ka bar mu tun kana da rai, yau kuma ka sake barin mu!"

Amma duk wanda ya gama gaisuwa sai ya matso, ya rage murya, ya yi mini tambaya ɗaya: "Ina za a kai shi?"

Mu Kirista ba mu da maƙabarta a ƙasar nan. Mai gari ya daɗe da nuna mana wani fako a bayan gari, wurin da ko akuya ba ta kiwo. Sai ga sabuwar doka ta ce ƙasa ta koma hannun gwamnati, ba a saka gawa a sabon wuri sai da takarda. Baba ya rubuta, ya kai wani ofis a Tambuwal, ba zan faɗi wanne ba. Abin da ya rage sa hannun mutum ɗaya ne. Shekara biyar takardar tana wurinsa.

Baba ɗan gidan malamai ne daga Kebbe. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin mishan, ya yi shekara shida can. Ya dawo da yatsu bakwai da wani addini, da kuma aikin raba magani. Kowane mako yana zagaya ƙauyuka a kan keke da akwatin ƙwayoyi a baya, yana kiran masu ciwon da sunansu, har waɗanda danginsu suka daina kira. Wansa, Baffa, malami ne mai ɗalibai da yawa. Ba su taɓa yin gardamar addini a gabana ba, ba su kuma taɓa daɗewa a kan tabarma ɗaya ba. In babbar salla ta zo Baffa ya aiko da cinya. In Kirsimeti ta zo Baba ya aika masa da zakara da ransa, don ya yanka da hannunsa. Iyakar hirarsu ke nan shekara arba'in, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya fasa ba.

A zaurenmu ake sujada ranar Lahadi. Tsofaffin majinyata ne, da Dakarkari 'yan ƙodago, da malaman makaranta biyu daga kudu, da wani ɗan sanda da matarsa. Baba ba gwanin wa'azi ba ne, minti goma ya gama. Inda ake shan wahala wurin addu'ar shugabanni ne. Yakan fara daga shugaban ƙasa, ya sauko kan gwamna, da sarki, da hakimi, da mai gari, da alƙali, da duk wani mai tebur da ya sani, kowa da sunansa, kowa da abin da ke damunsa. Muryar Baba kuwa ba ta san sirri ba, har bakin rijiya ana jin ta. Matar ɗan sandan ta sha cewa wakenta ya ƙone a kan gwamna.

Jerin nan ba ya raguwa. In rediyo ya wayi gari da kiɗan soja aka ce gwamnati ta canza, Baba zai kasa kunne ya kama sabon suna, ya maimaita shi sau uku don ya zauna masa. Tsohon kuma ba ya fita. Na taɓa ce masa ai wancan an tumɓuke shi. Ya ce, "To yanzu na ma yaf fi buƙata. Jiya mutum dubu ka gaishe shi, yau ko mai shara ba shi zuwa."

A shekarun nan ne arzikin man fetur ya kwararo. Siminti ya cika hanya, 'yan kwangila suka yi kumatu, samari suka jingine fartanya suka nufi Sakkwato. Kowa a kasuwa yana zagin gwamnati da baki ɗaya yana neman ta da ɗaya. Ni ma ina cikin masu zagin, don ina koyarwa a makarantar da iska ta yaye rufinta shekara biyu ba a mayar ba. In na kawo wa Baba ƙorafi sai ya ce, "Hukuma awa direba ta. Kina cikin motar, ko kina son shi ko ba ki so. In yay yi gyangyaɗi, ba shi ɗai za shi faɗa rami ba." In na ce ai ba su cancanta ba, ya ce, "An umurce mu mu yi musu, ba a ce sai sun kyauta ba. Kowa ka shiga wurinsu da buƙata shika shiga. Wa ka tambayar su ko sun samu barci?"

Shi yana tambaya. Duk ranar da ya je bin takardarmu, in an ce ya dawo wani mako, ba ya tashi nan da nan. Sai ya gyara zama ya ce wa jami'in, "Ranka shi daɗe, ya iyali? Ɗiyanka nawa? Mi as sunansu?" Da bai samu amsa ba, ya bi masinjan ofis da masu shayin bakin titi har ya haɗa sunayen yaran huɗu, ya ji kuma cewa babban yana da farfaɗiya. Daga ranar suka shiga jerin Lahadi.

Inna ta rasu a shekara ta biyu da kai takardar, cikin damina. Babu inda za mu sa ta. Muka naɗe ta a tabarma muka ɗora a bayan motar kaya, za mu kai ta wajen Zuru inda 'yan'uwanmu suke da wuri. Motar ta kafe a wani rafi, muka kwana muka wuni a nan. Ina riƙe da ƙafafunta don kada ta zame. Na ga fasinjoji suna toshe hanci da gefen mayafi, suna kau da kai don kada in gani. Matar da ba ta taɓa fita ƙofar gida ba sai ta yi wanka ta shafa man gyaɗa. Har yau ban iya komawa kabarin ba, ban ma tabbata zan gane shi ba.

Lahadin da ta biyo baya Baba ya miƙe a zaure, idonsa a kumbure, ya fara jerinsa. Na ce a raina yau dai zai tsallake mutumin nan. Bai tsallake ba. Ya kira sunansa, ya roƙa masa hikima da kwanciyar rai, ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Na tashi a tsakiyar addu'a na fice. Da aka watse ya same ni a gindin turmi, ni kuwa na buɗe baki na faɗi abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba.

Na ce, "Baba, kuturta yatsunka tac ci. Zuciyarka fa, wa yac ci ta? Uwata ta ruɓe bisa hanya, kai kana nan kana roƙa ma ɗiyan wanda yas sa lafiya!"

Ya dubi hannunsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Yaron mai farfaɗiya mi yay yi miki?" Ya juya ya ɗauki kekensa.

Daga ranar ban sake cewa amin a wannan addu'ar ba. Nakan zauna, in haɗe baki, in ƙirga azarar rufi har ya gama. Ya sani, don kusa da shi nake zama, amma bai taɓa yi mini magana a kai ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, kwana uku kafin ya cika. Ya kamo hannuna da yatsun da suka rage masa ya ce, "Kak ki sa ni cikin mota. In anka sa ni fakon ga, wurin ya tabbata, na bayana sun huta." Na ce masa to. Ban san da me na dogara na ce to ba.

Ga shi kuwa ya tafi ranar Juma'a, ranar da ofis ke tashi da ƙarfe ɗaya. In an rufe sai Litinin, kuma gawa ba ta kwana uku a bazarar ƙasarmu. Mijina ya zuba yashi a ɗaki ya jiƙa shi, aka kwantar da Baba a kai, mata biyu suna yi masa fifita. Tsofaffin ikilisiya suka fara zancen neman mota zuwa Zuru. Na ce su ba ni zuwa azahar. Na ɗauki mayafi ina fita, sai ga Baffa a ƙofa da sandarsa. Tun jiya ya iso, ya kwana gidan liman. Ya ce, "Ina za ki?" Na faɗa masa. Ya dubi ƙofar ɗakin da ƙanensa yake kwance, ya ce, "Mu tafi."

A-kori-kura muka samu mai ɗauke da dawa. Baffa a gaba, ni a kan buhuna. Duk ramin da muka faɗa sai in dubi rana in ga ta ƙara hawa. Ban yi addu'a ba, gaskiya. Lissafin zagin da zan yi nake, in kuma tuna zagi ba ya sa hannu a takarda, sai in fara lissafin roƙo. Mun shiga Tambuwal sha biyu saura, mutane har sun fara fitowa da fararen kaya.

Jami'in yana rufe aljihun teburinsa muka shiga. Mutum ne siriri, bai kai yadda na yi shekaru ina zana shi a raina ba. Da ya ga Baffa ya miƙe ya rusuna, don ya san shi. Na ce, "Ranka shi daɗe, tsohon da ka zuwa bin takardam maƙabarta, ubana na. Ya rasu yau da safe."

Na ga abin da ya faru a fuskarsa, kuma ba zan manta ba. Ajiyar zuciya ya yi. Kafaɗunsa suka sauka kamar an ɗauke masa kaya. Sannan ya tuna da mu, ya ce Allah ya ba da haƙuri, mu dawo Litinin.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Ni da nake cewa ba zan taɓa durƙusa wa mai tebur ba. Na kama ƙafar teburin ina cewa ya dubi Allah, ya dubi zafin nan, na riga na kai uwata a mota, ba zan iya kai ubana ba. Ya ce ba a hannunsa abin yake ba, yana duban agogo.

Baffa ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ba shi ba. Ya ce, "Ɗana, lokacin salla da saura. Faɗa min tsakaninka da Allah, mi ƙanena yay yi maka?"

Jami'in ya zaro ido. "Allah gafarta Malam, ƙanenka na?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Sai mutumin ya koma ya zauna. Ya yi ta murza hularsa, sannan maganar ta fito a guntu-guntu. Ya ce shi bai ƙi kowa ba. Amma tsoho ya zo, kuturu, ba Musulmi ba, yana neman wurin binne mutane, kuma yana tambayar sunayen 'ya'yansa. Da bai faɗa ba, tsohon ya bi ta bayan gida ya samo. Daga baya labari ya iso masa cewa kowace Lahadi ana kiran sunansa da na yaran da ƙarfi a wani zaure, ana amsawa. "Malam, kai ka sani. Wa ka neman sunan ɗiyan mutum in ba mai shirin jifa ba? Ga babban nawa da ciwo. Malamin da nika zuwa wurinai yac ce min kar in kuskura rubutun hannuna shi shiga gidan tsohon ga. In yas shiga, an gama da ni."

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa. Ga takardarmu, ta yi ja don daɗewa, da laya a ɗore a kanta.

Shekara biyar. Ashe addu'ar ce da kanta ta danne takardar.

Baffa ya ce, "Ƙanena ya bar hanyar ubanmu, kuma ban taɓa yarda da shi ba ga wannan. Amma ko laya ɗaya bai san yadda aka naɗe ta ba. Ke, faɗa mishi abin da ubanki ka cewa."

Ban yi niyya ba. Amma abin da kunne ya sha kowane mako ba ya buƙatar niyya. Ina durƙushe na fara, da kalmomin Baba, yadda yake jera su. Na kira sunan jami'in, na ce Allah ya ba shi hikima kada ya danne mai gaskiya, ya tsare shi daga masu kawo masa abu a ɓoye, ya ba shi barci. Na kira babban ɗansa, na ce Allah ya sa kada ciwon ya kama shi kusa da wuta ko bakin rijiya. Na kira ta biyu mai shirin jarrabawa, da na uku, da 'yar autar da aka haifa bakwaini. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Da na ɗaga kai ya rufe fuska da hula. Ya ce, "Kusa da wuta yac ce?" Na ce kowace Lahadi. Ya ture layar gefe, ya sa hannu, ya buga hatimi har sau biyu don na farko bai fito ba. Muna fita ladan yana kiran farko.

Mun iso gida la'asar ta kusa. Tun daga zaure na san ba mu da sauran lokaci, matan da ke fifita sun ɗaure hanci. Fakon nan kuwa marmara ce, diga na tsalle a kanta. Mazan gida tara suka taru, rabinsu babu yatsun riƙe ƙota. Ina tsaye ina kallo suna kartar ƙasa, ramin bai kai gwiwa ba, rana tana sauka, na ce a raina ga takarda a hannu kuma za mu ƙare a mota. Sai mahauci ya tuɓe riga ya karɓi diga. Wasu maƙwabta uku suka bi shi. Ba su shiga sujadarmu ba, da ramin ya isa suka koma gindin wata aduwa suka tsaya har muka gama. Mun rufe Baba rana tana gab da faɗuwa.

Washegari Baffa zai koma Kebbe, na raka shi bakin hanya. Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Lokacin da jami'in yake ba da labarinsa, ni na kusa suma, amma Baffa ko gira bai ɗaga ba.

Na ce, "Baffa, da ma ka sani."

Ya daɗe yana tona ƙasa da sanda. Ya ce, "Na sani. Magana ba ta ɓoyuwa tsakanin malamai. Da na taka na tafi tun sannan, da an gama. Amma nij ji nauyin a ce malami na neman ma Kirista maƙabarta. Wannan nawa na, ni za ni amsa shi." Ya ce abin da ya iya yi shi ne ya zo har gida ya gaya wa Baba. Baba ya je don ya yi wa mutumin bayani, aka hana shi shiga, tsoron ma ya ƙaru. Sai Baffa ya ba shi shawara ya cire sunan daga jeri, ko ya riƙa yi a zuci, in an kwana biyu hankalin mutumin zai kwanta ya sa hannu.

"Mi yac ce?"

"Yac ce mutumin da ka jin tsoro haka, shi ad da buƙatar a roƙa mishi. Yac ce kuma in ya bari don takarda, to da ma don takarda shika yi, ke nan mutumin ya yi gaskiya da yaj ji tsoro nai."

Na tambayi abin da nake tsoron tambaya. "Yaushe kag gaya mishi? Kafin Inna ko bayan ta?"

"Kafin."

Na dafa itacen da ke kusa. Wato yana sane. Yana sane ya bar ta ta hau motar nan. Na buɗe baki zan faɗi haka, a kan mutumin da ko kwana ɗaya bai cika a ƙasa ba, sai Baffa ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Innarki na nan zaune sa'ad da munka yi maganar, tana gyaran zogale, ciwon ya riga ya kama ta. Na ga ubanki ya fara sakewa, don ita shika dubi. Ita tac ce mishi, 'In ka cire yaran ga saboda ni, ba ni yafe maka. Ni ko'ina anka sa ni, Allah ya san wurin.'"

Motar Kebbe ta zo, ya hau, ta tafi. Na zauna a bakin hanyar har rana ta take. Shekara uku na yi ina fushi da ubana a madadin matar da ba ta aike ni ba, ya kuwa bar ni ina yi, bai taɓa kare kansa da sunanta ba.

Allah ya hutar da su, ita a can, shi a nan.